Na biya dubu goma don a koya min zaman intabiyu a Birnin Kebbi, ga abin da na tarar

Tun da na faɗa ma abokaina cewa na je wani wuri a nan Birnin Kebbi na biya kuɗi don a koya min yadda ake zama gaban masu ɗaukar aiki, wasu ke ta min dariya wai har magana ma sai an koya min, wasu kuma cikin masu dariyar su ne ke kirana da dare a ɓoye suna tambaya ina ne wurin kuma nawa ne. To bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta in huta. Sunan wurin dai ba zan kama ba, don akwai abubuwan da zan faɗa da ba za su yi musu daɗi ba kuma mutanen sun mutunta ni, amma duk wanda ya san garin ga ya san irin shagunan kwamfutar nan masu fotokwafi da cike fom ɗin JAMB da buga furojet ɗin ɗalibai, to ɗaya daga cikinsu ne, sai dai su suna da wani ɗaki a baya da sunka sa benci da allo suna kiransa ajin horo.

Ni dai HND na yi a fannin akanta a polin Waziri Umaru, na yi bautar ƙasa lokacin alawus yana dubu 33, yanzu ƙannenmu na karɓar 77 Allah ya sa musu albarka mu dai mun sha tamu. Na dawo gida na zauna shekara biyu da wani abu. A cikin wannan zaman sau uku ana kirana intabiyu, wani ƙaramin banki, da wata ƙungiya mai aikin yara masu tamowa, da wani kamfanin shinkafa, kuma duka ukun na ci jarabawar rubutu, wurin maganar baki ne nake faɗuwa. Inna kullum sai ta ce ba rabonka ba ne, kuma gaskiyarta, amma ni na san abin da ya faru a ɗakin kamfanin shinkafar nan, mutumin ya ce min tel os abaut yoself, ni kuwa na ɗauko tun daga haihuwata a Jega da firamaren da na yi da shekarar da na shiga sakandare, ban kai ga poli ba na ga ya duba agogo, daga nan bakina ya bushe ƙaf. Yayata ce ta gaji da ganina haka ta turo min dubu goma ta ce ka je wurin nan da ƙawata ta je, in bai yi amfani ba ka biya ni kuɗina. Kun ji yadda anka yi.

Kwana uku ne abin, Talata zuwa Alhamis, an rubuta ƙarfe 9 zuwa 1. Ranar farko sai goma da rabi anka fara. Wurin da zai koya maka zuwa kan lokaci shi ne ya makara da awa ɗaya da rabi, wannan kam na riƙe musu shi. Mu goma sha bakwai ne a ɗakin da bai kamata ya wuce mutum goma ba, mata huɗu a benci na gaba, fanka ɗaya tal, ga shi watan huɗu ne kun dai san zafin Kabi a wannan lokaci, in an ɗauke wuta sai an gama shawara da yaron shago kafin a ta da janareta don wai mai ya yi tsada. Ruwan leda ma kai za ka saya da kanka.

Masu koyarwa biyu ne. Akwai wani dattijo da kowa ke ce ma Malam, ya ce ya yi shekaru a sashen ɗaukar ma'aikata kafin ya yi ritaya, da wata Hajiya da ke zuwa rana ta biyu da ta uku kawai. Malam Hausarmu ta nan yake yi ba ya wani lanƙwasa harshe, sai in an zo gwaji ne yake juyawa Turanci.

Ranar farko ta takardu ce da sibi, wato takardar nan ta tarihin karatunka da aikinka. Rabi ya yi amfani rabi ɓata lokaci ne. Wanda ya yi amfani shi ne da Malam ya sa kowa ya baje takardunsa kan benci, WAEC ko NECO, satifiket ɗin makaranta, takardar gama NYSC ko ta yafewa ga wanda ya wuce shekara 30 lokacin da ya gama karatu, takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru ta kotu, indijin, NIN, ya ce kowa ya duba sunansa harafi harafi. Wallahi mutum shida munka samu matsala. Ni WAEC ɗina Muhammad, NIN Mohammed, indijin Muhammadu, mutum ɗaya suna uku. Wani kuma shekarar haihuwarsa biyu ce, ta makaranta daban ta NIN daban. Malam ya ce wanga abu shi ka kashe ɗiyanmu tun ba su buɗe baki ba, ku tahi kotu ku yi rantsuwa ku gyara tun yanzu, ba a fafe gora ranar tahiya. Ya kuma ce orijinal a fayil ɗaya, fotokwafi a jere kashi biyu ko uku a wani, da hoton fasfo, don kada a ce miƙo kaza ka tsaya kana zazzage ambulan gaban mutane.

Wanda bai yi ba kuwa shi ne sibin kansa. Yaron shago ne ke bugawa, kuma tsari ɗaya gare shi a kwamfuta, suna kawai yake canzawa, har da layin nan na saman da kowa ke cewa shi haziƙi ne mai aiki tuƙuru mai son ci gaban kamfani. Mu sha bakwai duk haziƙai ne iri ɗaya. In biyu daga cikinmu sunka nemi aiki wuri ɗaya ai an gane. Kuma bugawar ba ta cikin dubu goman, ɗari biyar ce daban. Sannan akwai wani ɗan littafi da sunka raba mana da ka gani ka san daga intanet anka kwaso shi ba a ko karanta ba, misalan ciki duk na Amurka ne, ana maganar ka duba wurin ajiye motarka tun jajibiri, ni da kabu-kabu zai kai ni.

Rana ta biyu ita ce ta biya kuɗin. Da ita kaɗai za su riƙa yi da na ce ma kowa ya je.

Sunka jera teburi da kujeru uku, Malam da Hajiya da wani abokin Malam da ya zo taya su, sannan kujera ɗaya a gabansu can nesa kaɗan. Kowa zai fita waje ya ƙwanƙwasa ya shigo kamar gaske, a yi masa tambayoyi minti bakwai zuwa goma, yaron shago na ɗaukar bidiyo da wayarka. Bayan an gama sai a kunna kowa ya gani. Jama'a gani ya kori ji. Ni a raina na ɗauka na ɗan yi ƙoƙari, da anka kunna sai na ga wani bawan Allah ya shigo yana neman tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya rusuna har kusan ƙasa, ya zauna a bakin kujera kamar wanda anka kawo ƙara, ido na kan siminti tun daga farko har ƙarshe, ƙafa na rawa, murya ba ta fita sai an kasa kunne. Ni ne fa. Ajin duk anka fashe da dariya har da ni, amma dai cikina ya yi sanyi don na gane haka mutanen wurare ukun can da na je intabiyu sunka gan ni.

Malam ya ce ɗana, ba fadar Sarkin Gwandu kaz zo gaisuwa ba. Ladabi na da kyau, shi anka hore mu da shi, amma wanda ka zaune can bai san kunya ce ba, shi gani shikai ko tsoro kake ji ko wani abu kake ɓoyewa. Ya ce ka yi sallama ko gaisuwa a tsaye, kada ka miƙa hannu sai an miƙo maka, kada ka zauna sai an ce zauna, in ka zauna ka cika kujerar, kuma ka dubi fuskar wanda ya yi maka tambaya. Na ce Malam ai da nauyi mutum ya tsura ma sa'an babansa ido. Ya ce to dubi goshinai ko tsakanin girarsa, shi ba ya ganewa. Wannan dabarar kaɗai ta yi min aiki fiye da littafin nan gaba ɗaya.

Sai Hajiya, ita ce mai zafin cikinsu kuma da gangan take yi. Ta tambaye ni da Turanci mi ya sa za mu ɗauke ka mu bar sauran, na ce ni mai gaskiya ne mai riƙon amana kuma insha Allah zan yi ƙoƙari. Ta ajiye biro ta ce duk wanda ya shigo ɗakin ga yau haka ya ce, ko ɓarawo ma haka zai ce, ba ni shaida. Na yi shiru. A nan ne anka yi maganar da har yanzu nake tunaninta. Mu an tashe mu da cewa yabon kai jahilci, ba ka cewa na yi kaza na iya kaza, sai dai wani ya faɗa a bayanka, shi ya sa in an ce faɗi abin da ka iya sai mu ji kamar za mu yi alfahari sai mu ɓuya bayan kalmomi irin su gaskiya da amana. Hajiya ta ce ba wanda ya ce ka yabi kanka, labari za ka bayar. Ka faɗi halin da ake ciki, da abin da anka ɗora maka, da abin da ka yi da hannunka, da yadda ta kaya. Guda huɗu ke nan, cikin minti biyu, su masu sauraro su za su yanke hukunci ko kai mai amana ne.

Na ce ai ni ban taɓa aiki ba ban da bautar ƙasa. Ta ce shekara biyun nan barci kake? Na ce a'a ina dai taimaka ma kawuna a shagonsa na taki da maganin feshi a kasuwar Jega. Ta ce mi kake yi masa. Sai na fara ba ta labari da Hausa ba tare da na san intabiyun nake ba, yadda na tarar kawu na ba manoma bashi lokacin noman rani a kansa kawai yake riƙewa ko a bayan kwalin magani, in an girbe shinkafa ko albasa a zo ana gardama wa ya biya wa bai biya ba, na sayi babban littafi na buɗe ma kowa shafinsa, daga baya na mayar da shi Excel a wata tsohuwar kwamfuta, duk ranar kasuwa ina fitar da sunayen waɗanda lokacinsu ya yi, har munka karɓo bashin da kawu ya riga ya fidda rai da shi. Ta bari na gama sannan ta ce to wannan da ka faɗa yanzu shi ne amsar, kuma mi ya hana ka sa shi a sibi? Na ce ai shagon kawu ne ba ofis ba. Malam ya yi dariya ya ce akanta ke nan yana raina aikin akanta don ba a sa kwat ba.

Ba ni kaɗai ba, kusan kowa haka. Wata cikin matan tana koyarwa a Islamiyya shekara huɗu yara sama da arba'in a ajinta amma ta rubuta ba ta da gogewa. Wani yana POS, kullum yana lissafin kuɗin mutane yana rufe littafi ba gibi, shi ma wai bai taɓa aiki ba.

Batun Turanci kuma, da yawanmu abin da ke kashe mana jiki shi ne tsoron kada a yi mana dariyar harshe, fi da pi ɗin nan da ke rikice mana. Hajiya ta ce kada wanda ya wahalar da kansa yana son ya koma Bature cikin sati ɗaya, ka yi magana a hankali da jimla gajera, in ba ka ji tambaya ba ka ce a maimaita, in ba ka sani ba ka ce ban sani ba amma ga yadda zan nemo. Ta ce ta sha ganin mai zuba Turanci kamar rediyo an bar shi an ɗauki mai lallaɓawa, don shi mai lallaɓawar tambayar yake amsawa. Abin da kawai ban so ba, da yake mun yi yawa sau ɗaya kowa ya samu shiga, mutum huɗu na ƙarshe ma a gurguje anka yi musu don azahar ta yi. Ya kamata a ce bayan ka ga kurakuranka ka sake shiga a sake ɗauka ka ga ko ka gyaru. Ni sai a gida na ci gaba, ƙanena na riƙe waya yana min tambayoyi yana ƙyalƙyata dariya.

Rana ta uku tarkace ce, komai da komai. Malam ya fara da tambayar ƙananan hukumomi nawa ne a Kebbi kuma yaushe anka ƙirƙiro ta, abin kunya sai ƙus ƙus ake, 21 ne kuma 1991 anka cire ta daga tsohuwar jihar Sakkwato, masarautu huɗu Gwandu da Argungu da Yauri da Zuru. Ya ce aikin gwamnati suna son irin waɗannan, kuma kowane wuri za ka ka san mi suke yi. Ya juyo kaina ya ce kai da ka je kamfanin shinkafa, ka san a nan Kebbi Buhari ya ƙaddamar da shirin ba manoma bashi na Anchor Borrowers a 2015? Ka san yaushe anka buɗe injin shinkafa na WACOT a Argungu? 2017 ne. Ka san nawa buhun shanshera a kasuwa a satin da ka je? Na san na ƙarshen sarai don a kasuwa nake wuni, amma ko a mafarki ban zaci abin faɗa ne a intabiyu ba.

Maganar albashi ma ta yi ma'ana. Ya ce kada ka kuskura ka ce ko nawa kunka ba ni, wannan amsar mai bara ce. Ka san cewa mafi ƙarancin albashi na ƙasa dubu 70 ne tun 2024, gwamnatin Kebbi ta ce nata 75, ka yi tambaya wurin masu irin aikin kafin ka je, sannan ka faɗi tsakanin kaza da kaza. In sunka faɗi nasu ka tambaya kafin a cire ne ko bayan an cire, don akwai haraji akwai fansho, dokar fansho ta 2014 ta ce kashi 8 daga albashinka kashi 10 daga mai aikin. Ni da na karanta wannan a aji ban taɓa haɗa shi da kaina ba. Sutura kuwa ya ce banki na son riga da taye, amma mafi yawan wurare a nan kaftani mai tsabta da guga da hula da takalmi rufaffe sun wadatar, kada ka aro kwat ɗin da ta fi ka girma ka je kana zufa kamar an tsamo ka daga kogin Matan Fada. Hajiya ta ja matan gefe sunka yi tasu kan hijabi da kala, wannan ban ji ba.

Sun ce za a gwada intabiyun waya ta Zoom, amma sabis ya ƙi a ɗakin, aka ƙare da bayani da baki, ka fuskanci taga don haske ya faɗo fuskarka, ka jingina wayar kada ka riƙe ta a hannu, ka cika caji da data, ka sami layi na biyu, ka faɗa ma mutanen gida kada a aiko yaro yana ƙwala maka kira. Shawara mai kyau amma ba gwaji, kuma a tallarsu sun rubuta har da gwaji.

Wani abu da ya sa na ƙara ganin girman dattijon nan, wani ya tambaye shi kai tsaye, Malam ai duk wannan banza ne in ba ka da hanya. Bai musa ba. Ya ce akwai aikin da an riga an raba shi tun ba a buga talla ba, wannan ko shi ba ya da maganinsa, kuma shi ba ya sai da aiki, duk wanda ya ce ka kawo kuɗi a sa sunanka ko ya kira ka intabiyu a otal a wani gari mai nisa ba ka san ofishinsu ba, ka bincika sosai kuma ka faɗa ma na gida inda za ka. Amma ya ce akwai wuraren da ma'aikaci suke nema da gaske don kuɗinsu ne a ciki, kuma ko mai hanyar ma in an kai shi ya kasa buɗe baki kunya yake ba wanda ya kai shi.

A ƙarshe sunka ce wanda ke son satifiket ɗin halarta ya kawo dubu ɗaya. Ban karɓa ba, ban ga wanda zan nuna ma takardar cewa an koya min intabiyu ba.

Bayan kamar sati biyar wani kamfanin kayan noma ya kira ni. Da anka ce in ba da labarin kaina ban taɓo haihuwa ba, na fara daga HND na faɗa shagon kawu, sai ga manajan ya gyara zama yana tambayata yadda nake bin bashin manoma ba tare da an ɓata ba, kusan rabin lokacin a kan wannan munka ƙare, har da Hausa. Ƙafata dai ta yi rawarta a ƙarƙashin teburi, wannan ba ta bari ba. Sun ɗauke ni gwajin wata uku, yanzu ina cikin na biyu. Ba zan rantse cewa horon ne kaɗai ba, don daga baya na ji ashe ɗaya daga cikinsu ya san kawu a kasuwa, to Allah ne masani wanne ya fi nauyi. Yaya dai ta ce tunda ya yi amfani ta yafe dubu gomanta amma albashin farko akwai atamfarta a ciki, ka ga ita ta ci riba.

In maki zan ba su cikin goma, bakwai. Rana ta biyu ita kaɗai tara ce, sibi da littafin nan kuwa maki biyu ma alfarma ce. Wanda zai je, tun wurin biyan kuɗi ya tambaya mutum nawa ne a zubin, in sun wuce goma ya jira na gaba, ya kuma tabbatar Hajiya za ta zo don an ce wani lokaci ba ta samun dama. Sibinka ka rubuta abinka a gida ka kai Malam ya duba da biro, kada ka bar ma yaron shago. Ka share hotuna a waya don bidiyon na cin wuri, wani a cikinmu tsakiyar ɗauka wayarsa ta cika. Ka tafi da ruwanka, kuma ka yi sammako ka kama bencin da ke kusa da taga.